Ranar da Kompaila Ta Daina Kawar da Kai

Dare ya yi, mutum na zaune gaban kwamfuta, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki. Abin da ke gabansa wata ƙaramar manhaja ce da aka rubuta da harshen C tun kafin shekarar 2000. Ba shi ya rubuta ta ba, bai ma taɓa ganin wanda ya rubuta ta ba. Shi dai ya ɗauki nauyin kula da ita ne kyauta, don kada ta ɓace daga rumbun da jama'a ke saukewa.

Ya rubuta `make`, ya danna. Layuka suka fara gudu yadda suka saba, can sai suka tsaya cak. Jan rubutu ya fito: a layi kaza an kira wani aiki ba tare da an gabatar da shi ba, saboda haka ba za a ci gaba ba.

Ko harafi ɗaya bai taɓa a cikin manhajar ba. Abin da ya sauya shi ne kompailar da ke harhaɗa ta.

Mutane da yawa sun kwana da irin wannan jan rubutu bayan ranar 7 ga Mayun 2024, lokacin da aka fitar da kompailar GCC 14. Wasu abubuwa da GCC ta shafe shekaru tana bari su wuce da ɗan gargaɗi, a wannan fitowar ta mayar da su kuskuren da ke tsayar da aiki gaba ɗaya. Ba shi ne karon farko ba, kuma duk lokacin da aka yi haka muhawara ɗaya ce ke tasowa: wa ke da laifi, kuma wa zai yi gyaran?

Manhajar da ke haifar sauran manhajoji

Kwamfuta ba ta jin C, ba ta jin C++, ba ta jin Fortran. Abin da take ji umarni ne na lambobi zalla, wanda ya dace da injin da ke cikinta. Kompaila ita ce manhajar da ke karɓar rubutun ɗan Adam ta mayar da shi wannan umarnin. Matsayinta kamar na tafinta ne a gaban alƙali: idan mai magana ya yi tuntuɓen harshe, tafinta na iya ƙiyasta nufinsa ya isar, yana kuma iya dakatar da shi ya ce sake faɗa. Kompailolin C sun daɗe suna zaɓar ƙiyasi.

Manya a wannan fage su ne GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, da Clang, wadda kamfanin Apple ya fito da ita a 2007 a ƙarƙashin aikin LLVM, sai kuma ta kamfanin Microsoft. Mai karatu na iya ganin abin ya yi masa nisa, amma wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko a kasuwar Maraɗi tana tafiya ne a kan kanel ɗin Linux, wato ƙashin bayan tsarin, wanda kusan dukkansa da C aka rubuta shi. Sai da ya bi ta cikin kompaila kafin ya shiga wayar.

Inda ƙare-ƙaren suka samo asali

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro C a ɗakunan binciken Bell a Amurka, a farkon shekarun 1970. Littafin da suka rubuta shi da Brian Kernighan a 1978 ya zama madogarar kowa na tsawon lokaci, to amma littafin koyarwa ne, ba doka ba. Kowane kamfani ya yi tasa kompailar, ya cike giɓin da littafin ya bari yadda ya ga dama. Sai a 1989 hukumar ANSI ta Amurka ta fitar da ƙa'idar harshen ta farko, hukumar ISO ta karɓe ta a 1990. Kafin nan an riga an rubuta manhajoji ba iyaka, kowace da irin ɗabi'ar gidan da ta fito.

Ƙa'idar ba ta hana mai kompaila ƙara nasa ba, muddin bai ɓata ma'anar rubutun da ya bi ƙa'ida ba. Masu GCC sun yi amfani da wannan dama sosai, har littafin jagorar GCC yana da babi guda sukutum kan ƙare-ƙaren da ta yi wa C. Akwai damar rubuta aiki a cikin wani aikin, da kalmar `typeof` mai tambayar nau'in abu, da hanyar cusa umarnin inji kai-tsaye a tsakiyar rubutun C. Su ma Microsoft da Borland sun yi nasu. Duk ɗalibin da ya koyi C daga tsohuwar takardar darasi mai farawa da `conio.h` da `clrscr`, ya je ya kwafi misalin a kwamfutar Linux ta ƙi karɓa, ya ɗanɗani wannan matsala da wuri. Abin da ya ɗauka harshen C ne ashe ɗabi'ar kompailolin zamanin DOS ce.

Ba don ɓarna aka yi waɗannan ƙare-ƙare ba. Galibi wata buƙata ce ta taso, kwamitin ƙa'ida kuwa yakan ɗauki kimanin shekara goma kafin ya fitar da sabon daftari. Wasunsu ma sun tabbatar da amfaninsu har kwamitin ya rungume su. Nau'in lamba na `long long` ya shiga ƙa'ida a 1999. Ita `typeof` sai a ƙa'idar C23 ta samu shiga, bayan an shafe gomman shekaru ana amfani da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne mai rubuta manhaja ba ya ganin iyakar da ke tsakanin harshe da ƙari. GCC, idan ba a ce mata komai ba, da ƙare-ƙarenta a kunne take aiki. Shi abin da ya sani, ya rubuta, ta karɓa, manhaja ta tashi. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya yi wata lura da ta shahara har ake kiranta da sunansa: idan masu amfani da abu suka yi yawa, duk wata ɗabi'arsa da ake iya gani sai an sami wanda ya dogara da ita, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba.

Sharar farko

Tsakanin 2003 da 2007 masu GCC sun yi wata babbar shara. A GCC 3.3 ta 2003 aka daina karɓar jimlar rubutu da ta buɗe a layi ɗaya ta rufe a wani, abin da masu cusa umarnin inji suka saba yi. A 2004 GCC 3.4 ta zo da sabon sashen karanta C++ mai bin ƙa'ida sau da ƙafa, manhajoji da dama da suka daɗe suna wucewa suka maƙale.

A Afrilun 2005 GCC 4.0 ta cire wani ƙari da ya yi farin jini ƙwarai a tsakanin masu aiki kusa da inji. A da mutum na iya rubuta `((char *) p)++`, wato a numfashi ɗaya ya ce a ɗauki `p` a matsayin wani nau'i daban, kuma a matsar da shi gaba. Ƙa'ida ba ta taɓa yarda da haka ba, amma ya fi gajarta, kuma ya yi aiki. Daga 4.0 sai a raba shi gida biyu. A GCC 4.2 ta 2007 kuma aka cire alamomin `<?` da `>?` da ake zaɓar ƙarama ko babbar lamba da su a C++.

Hujjar masu cirewar ba ta da wuyar fahimta. Kowane ƙari rubutu ne a cikin kompaila da sai an kula da shi, an gwada shi, an tabbatar bai ci karo da sabon abin da ƙa'ida ta kawo ba. Kuma a ƙare-ƙaren da aka cire ɗin an yi gargaɗi a fitowar da ta gabata kafin a cire. Sai dai gargaɗin na isa ne kawai ga wanda ke sabunta kompailarsa a kai a kai. Wanda ya yi tsalle daga tsohuwa zuwa sabuwa bayan shekara biyar, kuskuren kawai zai tarar.

A Mayun 2020 GCC 10 ta sake taɓa wata tsohuwar al'ada. A da, idan fayil biyu suka ayyana suna ɗaya ba tare da ba shi ƙima ba, sai a haɗe su a ɗauka abu ɗaya ne. GCC 10 ta daina hakan. Masu harhaɗa tsofaffin kanel na Linux, musamman masu ƙoƙarin raya tsofaffin wayoyin Android da kamfanoninsu suka daina kula da su, sun san sakamakon da sunansa: `yylloc`. An ayyana wannan suna sau biyu a cikin wata ƙaramar manhajar taimako da ke cikin kanel. Gyaran layi ɗaya ne, kuma an yi shi a sabon kanel. Amma akwai kwafin tsohon kanel masu yawan gaske a warwatse, kowace waya da nata, kuma kowanne sai wani ya bi shi da hannu.

Zaton da ke yanke adireshi biyu

Abin da GCC 14 ta hana ya fi waɗancan nauyi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

A tsohon C, idan ka kira wani aiki ba ka fara gaya wa kompaila siffarsa ba, sai ta ɗauka cewa amsar da zai dawo da ita lamba ce ta nau'in `int`. A injinan wancan zamani wannan zato bai cika cutarwa ba, domin `int` da adireshin wuri a ma'adanar kwamfuta girmansu ɗaya. Ko aikin ya dawo da adireshi, zai shige cikin mazubin lambar ba tare da ya zube ba.

Ƙa'idar 1999 ta soke wannan zato. Amma GCC ta ci gaba da karɓarsa har shekara 25 bayan nan, saboda tsoron karya tsofaffin manhajoji. A cikin waɗannan shekaru kuwa injina sun sauya. A kwamfutoci da wayoyin yau adireshi bit 64 ne, `int` kuma bit 32. Idan kompaila ta zaci lamba ce alhali adireshi ne ke dawowa, sai ta riƙe rabi ta zubar da rabi. Idan an yi sa'a adireshin ƙarami ne, manhaja ta yi aiki lafiya. Idan babba ne, ta nufi wurin da ba nata ba, ko ta faɗi nan take, ko ta rubuta a kan bayanan wani. Kuma da yake tsarukan zamani na sauya wurin da suke ajiye abubuwa a ma'adana duk lokacin da aka tayar da manhaja, don rikita masu kutse, abu ɗaya na iya yin aiki a wannan kwamfuta ya faɗi a waccan.

Kamfanin Apple ne ya fara rufe wannan ƙofa a aikace, a kayan aikinsa na Xcode 12 na 2020, lokacin da yake ƙaura zuwa injinansa na ARM. A waɗannan injina hanyar miƙa wa aiki bayanai ta dogara da sanin ainihin siffarsa, don haka zato na iya sa a ajiye bayani a wuri ɗaya, aikin ya je nema a wani.

A nan ni ban ga wata tababa ba. Kompailar da ta san tana iya fitar da umarni karkatacce, ta kuma fitar da shi da gargaɗi ɗaya a cikin dubban layukan da ba mai karantawa, ba rangwame ta yi wa kowa ba. Ta dai ɗage ranar wahalar ne, ta kuma ɗauke ta daga kan mai rubutu, wanda zai iya gyarawa cikin minti biyu, ta ɗora wa mai amfani, wanda bai san ma akwai wani abu wai shi kompaila ba.

Karyewar da ba ta ƙara

To me ya sa aka jira shekara 25? Babban dalilin na ɓoye ne a wani wuri da mutane ba sa kallo.

Manhajoji da yawa na duniyar Unix suna zuwa da wani fayil mai suna `configure`, wanda galibi manhajar Autoconf ce ke samar da shi. Aikinsa shi ne ya binciki kwamfutar da za a harhaɗa manhaja a kanta. Yadda yake binciken shi ne ya rubuta ɗan ƙaramin gwaji na layi biyar ko goma, ya miƙa wa kompaila. Idan ta karɓa, sai ya rubuta cewa wannan kwamfuta tana da abu kaza. Idan ta ƙi, sai ya rubuta babu, ya wuce gwaji na gaba.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje da tsohon salo aka rubuta su. Wani zai kira `exit` bai gabatar da shi ba, wani zai rubuta `main` bai faɗi nau'insa ba. Da kompaila ta tsananta, sai gwajin ya faɗi saboda salonsa, shi kuwa `configure` ya fahimci cewa abin da ake nema ne babu. Manhaja za ta harhaɗu lafiya ƙalau, ba jan rubutu ko ɗaya, amma an kashe wani sashenta a ɓoye, ko an koma wata tsohuwar hanya mara inganci da aka tanada don injinan da. Mai kula da ita ba zai sani ba sai ranar da wani ya kawo ƙorafi.

Masu Clang sun yi karo da wannan a Satumban 2022. Sun mayar da zaton nan kuskure a Clang 15, masu harhaɗa tsarukan Linux suka nuna musu irin ɓarnar da za a yi a ɓoye, sai suka janye a ƙaramin gyaran da ya biyo baya, suka ɗage zuwa Clang 16 ta Maris ɗin 2023 don a sami lokacin shiri.

Abin da aka yi a wannan tsakani shi ne, a ganina, abin koyi a duk labarin. Florian Weimer na kamfanin Red Hat ya jagoranci wani aiki a tsarin Linux na Fedora, inda aka yi amfani da GCC ta musamman mai rubuta duk wurin da sabuwar dokar za ta ciza, har da cikin gwaje-gwajen `configure`, aka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa ana aika gyaran ga masu su. Sam James da abokan aikinsa a tsarin Linux na Gentoo sun yi irin wannan ta nasu ɓangaren. Kafin GCC 14 ta fito, an riga an share babban kaso na hanyar. Waɗanda suka nemi a tsananta su ne suka fara naɗe hannun riga.

Akwai irin karyewar da ta fi wannan ma shiru. A 2016 GCC 6 ta fara ɗauka cewa manunin `this` a C++ ba zai taɓa zama fanko ba, kamar yadda ƙa'ida ta ce, don haka ta riƙa goge duk binciken da mai rubutu ya sa don tabbatar da hakan. Bayanan fitowar da kansu sun ambaci manhajojin Qt 5 da Chromium da KDevelop cikin waɗanda abin ya shafa. Wannan ba ƙari ba ne da aka taɓa rubutawa a littafin jagora, ɗabi'a ce kawai da aka saba da ita. Amma ga wanda manhajarsa ta fara faɗuwa ba dalili, wannan bambanci bai rage masa komai ba.

Abin da masu adawa ke cewa

Ba kowa ya yi maraba da tsanantawar ba. A muhawarar da aka yi a 2023 kafin yanke shawara, Eli Zaretskii, ɗaya daga cikin masu kula da manhajar Emacs, yana cikin waɗanda suka nuna rashin amincewa. Jigon hujjar wannan ɓangare shi ne aikin kompaila harhaɗawa ne, ba tarbiyya ba. Idan rubutu ya daɗe yana aiki daidai, kuma kompaila ta san yadda za ta fassara shi, ƙin yin hakan cutarwa ce ga mutumin da ya sauke tsohuwar manhaja don amfani, wanda ba lallai ya iya C ba balle ya gyara.

Wannan magana tana da nauyi, kuma masu binciken kimiyya sun fi kowa saninta. A GCC 10 ɗin nan, kompailar Fortran ta daina yarda a kira aiki ɗaya da nau'in bayanai mabambanta a fayil guda, al'adar da ta cika tsofaffin manhajojin lissafi. Manhajar hasashen yanayi ta WRF, wadda masu bincike ke amfani da ita a ƙasashe da dama, tana cikin waɗanda sai da aka ƙara musu umarnin sassauci kafin su sake harhaɗuwa. Mai nazarin damina ba injiniyan kompaila ba ne. Kwanakin da ya ɓata yana neman ma'anar wani jan rubutu, daga lokacin bincikensa aka cire su. Akwai kuma batun maimaita bincike: idan manhajar da aka fitar da sakamako da ita shekara 15 da suka wuce ta daina harhaɗuwa, tabbatar da wancan sakamakon ya ƙara wuya.

Masu goyon baya na amsawa da cewa an bar ƙofar fita. Wanda ya rubuta `-fpermissive` ko `-std=gnu89` zai dawo da tsohon hali a GCC 14, wanda ya rubuta `-fcommon` zai dawo da na kafin GCC 10. Gaskiya ne, kuma wannan ya bambanta sabuwar sharar da ta 2005, wadda ba ta bar wata ƙofa ba. Amma sai mutum ya san ƙofar tana nan, ya kuma san inda zai saka umarnin a cikin tsarin harhaɗawar da wani ya rubuta tun yana firamare.

Kamfanin Microsoft ya bi wata hanya daban. Kompailarsa ta C++ ta daɗe tana karɓar abubuwan da ƙa'ida ba ta sani ba, kuma abokan cinikinsa kamfanoni ne masu biyan kuɗi, waɗanda ba za su lamunci a wayi gari manhajarsu ta ƙi tashi ba. Sai a Visual Studio 2017 ya kawo umarnin `/permissive-`, wanda mai so zai kunna don a bi ƙa'ida sosai, aka bar tsofaffin ayyuka yadda suke. Kafin umarnin ya yi amfani ma sai da kamfanin ya gyara nasa fayilolin na Windows, domin su ma sun dogara da sassaucin. Hanyar ta rage kuka, amma an biya farashinta da shekarun da rubutun da aka yi a Windows ke ƙin harhaɗuwa a ko'ina.

Lokacin da ƙari ya zama tarko

Labarin Linux ya nuna ɗaya fuskar. Tun 1991 da Linus Torvalds ya fara shi, da GCC ake harhaɗa kanel, kuma ya sha ƙare-ƙarenta ya ƙoshi. Sakamakon haka, an daɗe babu wata kompaila a duniya da za ta iya harhaɗa shi cikakke sai ita.

Da aka so gwada Clang, sai aka tarar ta kwaikwayi yawancin ƙare-ƙaren GCC amma ta ƙi wasu da gangan. Ta ƙi aiki a cikin aiki, ta kuma ƙi jerin da girmansa ke sauyawa idan an saka shi a cikin wani tsari na bayanai. A nan sai kowane ɓangare ya matso. Masu kanel, da jagorancin Kees Cook na Google, suka bi suka cire jerin masu sauya girma baki ɗaya, aikin da ya kammala a Linux 4.20 a ƙarshen 2018, kuma ya ƙara wa kanel tsaro da sauri. Masu Clang su kuma suka karɓi ƙarin `asm goto` a Clang 9 ta 2019, domin kanel ba zai iya rabuwa da shi ba. Yau da Clang ake harhaɗa kanel ɗin Android, kuma tun 2018 Google ya cire GCC daga kayan aikin da yake ba masu rubuta manhajojin Android da C da C++.

Riba ta fito fili: kompaila biyu na duba rubutu ɗaya, kowace na kama kuskuren da ɗayar ta tsallake. Amma an kai ga wannan ne bayan aikin shekaru, kuma da ma'aikatan da manyan kamfanoni ke biya albashi.

Wa ke ɗaukar kayan?

Nan ne damuwata take. Linux na da Google da Red Hat da sauransu a bayansa. Mafi yawan manhajojin da ke rumbun tsarin Linux na Debian, waɗanda yawansu ya kai dubbai masu yawa, ba su da kowa sai ɗan sa-kai ɗaya, wasu ma ba su da shi. Kafin Debian ta karɓi sabuwar GCC akan sake harhaɗa rumbun gaba ɗaya da ita, duk wadda ta faɗi a buɗe mata rahoto. Wadda aka samu mai gyarawa ta tsira. Wadda rahotonta ya zauna ba amsa, akan fitar da ita daga fitowa ta gaba.

Ba lalacewa waɗannan manhajoji suka yi ba. Sau da yawa an gama su ne, suna yin abin da aka yi su dominsa, marubucin ya kama wani aiki, ko ya tsufa, ko ya rasu. Da dama cikinsu ƙanana ne marasa cin ma'adana, irin waɗanda ke tafiya sumul a kwamfutoci 'yan gwanjo da ɗalibai da ƙananan ofisoshi ke saye a garuruwanmu. Idan aka ce wa mai irin wannan kwamfuta ya ajiye tsohuwar kompaila a gefe, ko ya sauke wani babban kunshi mai ɗauke da tsohon tsari, an manta da kuɗin data.

Saboda haka ban yarda da masu cewa duk wanda manhajarsa ta karye shi ya jawo wa kansa ba. Wanda ya rubuta `((char *) p)++` a 1998 littafin jagorar GCC ne ya ba shi izini. Kompailar da ta tallata ƙari, ta bar shi a kunne ba tare da an roƙe ta ba, tana da kaso a cikin bashin. Haka kuma ban yarda da masu cewa kada a taɓa komai ba, domin wasu daga cikin abubuwan da suke karewa suna fitar da amsar ƙarya a injinan yau. Abin da zan auna kowace cirewa da shi shi ne ko tsohon halin yana cutarwa ko kuwa bai yi wa wani kyan gani ba ne kawai, sannan ko masu neman cirewar sun fara zagaya rumbunan sun ƙirga waɗanda abin zai shafa, sun taya su gyara. Cirewar 2024 ta cika waɗannan sharuɗɗa fiye da ta 2005.

GCC 15 da abin da ke tafe

Ba a gama hutawa daga GCC 14 ba sai ga GCC 15 a Afrilun 2025. Ita ba wani ƙari ta cire ba, ƙa'idar da take bi idan ba a ce mata komai ba ta sauya zuwa C23. A wannan ƙa'ida `bool` da `true` da `false` sun zama kalmomin harshen kansa. Tun da C ya shafe shekaru ba shi da su, marubuta da yawa sun ƙirƙiri nasu da waɗannan sunaye, kuma yanzu duk wanda ya yi haka ya ci karo da harshen. Haka nan baka biyu fanko a gaban sunan aiki, waɗanda a da ke nufin ba a faɗi abin da aikin ke karɓa ba, yanzu suna nufin ba ya karɓar komai.

Kanel ɗin Linux ya daɗe yana faɗa wa kompaila ƙa'idar da yake bi, kuma tun 2022 ya koma ta 2011 tare da ƙare-ƙaren GCC, don haka babban jikinsa bai girgiza ba. Amma wasu sassan tayar da inji, masu nasu umarnin harhaɗawa daban, ba su ambaci ƙa'idar ba, kuma sai da aka bi su aka ƙara musu. Manhajojin da masu su suka rubuta `-std=gnu17` ko makamancinsa a fayil ɗin harhaɗawa, wannan sauyi ya wuce su bai taɓa su ba. Sauran kuwa sun shiga sabon jerin rahotanni a Debian da Fedora da Gentoo.

Kwamitin ISO mai kula da C ya riga ya shiga aikin ƙa'ida ta gaba, kuma cikin abin da ya sa a gaba akwai rage wuraren da harshen ya yi shiru ya bar kowace kompaila ta yi yadda ta ga dama.